Shekarun ƙasa: daga ina ake fara ƙirgawa?

A watan Oktoba na 2010 Najeriya ta yi bikin cika shekara 50. Shekara huɗu ba su gama cika ba, a farkon 2014, gwamnatin tarayya ta sake tara manyan baƙi a Abuja aka yi bikin cika shekara 100. Wanda ya ji haka ba tare da bayani ba zai ɗauka ɗaya daga cikin bukukuwan kuskure ne, alhali kowanne yana da madogara. Na farko ya ƙirgo ne daga 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka sauke tutar Ingila a Legas. Na biyu ya ƙirgo daga 1 ga Janairu 1914, ranar da Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu a ƙarƙashin gwamna ɗaya. Da wani zai kafe a kan 1963, shekarar da Sarauniyar Ingila ta daina zama shugabar ƙasar aka koma jamhuriya, shi ma ba za a ce ya yi shirme ba. Lauya kuwa zai iya tuna maka cewa tsarin mulkin da ake aiki da shi yau na 1999 ne.

A nan Kano, in zancen ya taso a majalisa bayan la'asar, ba a rasa dattijon da zai dubi matasa ya ce, "Ku yara, Najeriyar nan ai ta jiya ce. Kano ta haura shekara dubu." Maganarsa tana da tushe, amma tana buƙatar a warware ta, domin abin da ya haura shekara dubu a Kano da abin da aka haifa a 1960 ba jinsi ɗaya ba ne. Abubuwa uku muke cakuɗawa a duk lokacin da muka tambayi shekarun wata ƙasa: mutane da mazauninsu, sai gadon mulki da ke kansu, sai kuma hukuma mai cin gashin kanta wadda sauran ƙasashe suka amince da ita, take ƙulla alkawari da sunanta. Kowanne da ranar haihuwarsa, kuma ɗaya yakan mutu ya bar sauran.

Kano ta ishe mu misali, don duk abin da ake gardama a kansa a duniya ya faru a cikin badala.

Shekarar 999 da muke ji a makaranta, wadda aka ce a cikinta Bagauda ya fara sarauta, ba a rubuce take a tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ba. Kundin, wanda aka rubuta da Larabci, yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado yake bayarwa. Baturen mulki H. R. Palmer, da ya fassara shi ya buga a 1908, shi ne ya tara waɗannan shekaru ya yi lissafi da baya har ya dira a kan 999. Lissafi ne mai amfani, amma ya dogara ga cewa ba a manta da sarki ko ɗaya ba, ba a kuma ƙara wa kowa shekara ba, a tsawon ƙarni tara. Sannan kundin da kansa bai fara da Bagauda ba. Ya fara da mutanen Dala, su Barbushe da bautar Tsumburbura, waɗanda ke zaune a wurin tun kafin zuwansa. Masu tonon kayan tarihi sun sami murhun narka ƙarfe a gindin Dala wanda gwajin kimiyya ya mayar da shi ƙarni na 7 Miladiyya. Ke nan in mutane da mazauni ake ƙirgawa, Kano ta girmi Bagauda da ɗaruruwan shekaru. In birni mai ganuwa ake nufi, sai an jira jikansa Gijimasu, wanda ya fara ginin ganuwar, don shi Bagauda a Sheme ya zauna. In kuma Kano ta Musulunci ce a zuciyar mai tambaya, to sai zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, lokacin da Wangarawa suka iso daga Mali. Kanon da idonmu ya sani, mai fada a inda take yau, da kasuwar Kurmi, da kakaki da figini da takalmin gashin jimina, ta Muhammadu Rumfa ce, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda Shehu Maghili ya zauna da shi ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a.

Babban gwaji ya zo da jihadi. Wajen 1807 aka ci Sarki Muhammadu Alwali da yaƙi, mulkin Kutumbawa ya ƙare, Malam Sulaimanu ya zama sarki da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bisa kowane ma'auni wannan yankewa ce: sabon gida, sabuwar hujjar mulki, sabon uban ɗaki a Sakkwato. Su kansu jagororin jihadin a Kano haka suka so ya zama. Kundin ya nuna cewa da farko sun hana Sulaimanu shiga Gidan Rumfa, don kada sabon al'amari ya koma cikin rigar tsohon. Sai wani daga cikin mutanen tsohuwar fada ya faɗa masa cewa muddin bai shiga gidan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki ba. Aka nemi izinin Shehu, aka samu, ya shiga. Ibrahim Dabo, da ya hau a 1819, ya ƙara gaba, ya raya tsofaffin sarautun fada, shi ya sa har gobe muna da Galadima da Madaki da Makama da Wambai, sarautun da suka girmi jihadi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda marubucin kundin, wanda ya rayu a ƙarƙashin sarakunan Fulani, bai buɗe sabon lissafi ba. Alwali shi ne na 43, Sulaimanu na 44, aka ci gaba har zuwa Muhammadu Bello ɗan Dabo, na 48. Da gangan aka ɗinke ɓarakar. Masu sabon mulki sun ga cewa ba za su iya riƙe Kano ba sai sun karɓi Kanon da suka tarar, da gidanta da sarautunta da kasuwarta.

Amma wani abu guda ya tafi a lokacin bai dawo ba. Daga jihadi, Kano ta zama masarauta a cikin daula. Daga Sakkwato ake tabbatar da sarki, Waziri ke kawo takardar naɗi, kuma rikicin wa za a naɗa shi ya haifar da yaƙin basasar Tukurawa da Yusufawa a tsakanin 1893 da 1895. Mutane da dama suna ɗauka a hannun Turawa Kano ta rasa cin gashin kanta. Gaskiyar ita ce kusan shekara ɗari kafin nan ta riga ta zama ɓangare na wata ƙasa da ta fi ta faɗi. Abin da ya faru a Fabrairun 1903 shi ne sauyin uban ɗaki: sojojin Ingila suka fasa ganuwa suka shiga birni Sarki Alu yana Sakkwato, daga baya aka kama shi aka kai shi Lakwaja, aka naɗa Wambai Abbas. Lugga bai ɓoye fahimtarsa ba. A jawabinsa na Sakkwato a watan Maris na wannan shekara ya bayyana cewa kamar yadda Fulani suka sami ƙasar da yaƙi, haka yanzu ta koma hannun Ingila da yaƙi, da ikon naɗi da tuɓewa da sanya haraji. Daga nan iko ya ci gaba da zarewa a hankali. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke sauran mulki, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Gadon yana nan, tambari yana nan, ana hawan Daushe, amma wanda zai je Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi magana da yawun Bakano daga Abuja yake tashi.

To, a nan an ci sa'a gado da gari sun zauna wuri ɗaya. Maƙwabtanmu ba su sami haka ba. Da jihadi ya ci Katsina, tsofaffin sarakunanta arewa suka yi, suka kafa Maraɗi, kuma har yau sarautar can sunanta Sarkin Katsinan Maraɗi, a cikin Jamhuriyar Nijar. Na Zazzau kudu suka nufa, suka kafa garin Abuja na asali, wanda ya koma Suleja bayan an ɗauki sunansa an ba babban birnin tarayya, kuma sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Na Kabi suna Argungu, na Gobir suna Tsibiri da Sabon Birni. Wace ce Katsinar da ta ɗore, wadda ta riƙe ganuwa da Gobarau da jama'a, ko wadda ta tafi da zuriyar sarauta? Wanda yake ƙirga gida zai nuna Maraɗi, wanda yake ƙirga gari zai nuna Katsina, kuma ba za ka iya kayar da ko ɗaya ba sai kun fara yarda da abin da kuke ƙirgawa. Daura kuwa ta nuna cewa zare yakan tsinke a sake ƙulla shi: bayan kusan ƙarni ɗaya tsohon gidan sarautarta yana waje, Turawa suka dawo da shi gari a farkon mulkinsu.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya lura da wannan bambanci. A ganinsa gidan mulki yana da ajali kamar mutum, galibi zuriya uku, kimanin shekara 120, daga nan ƙarfin zumuncin da ya kafa shi ya saki, wani gida ya karɓa. Amma gari da kasuwa da sana'a da malanta sukan wuce daga hannu zuwa hannu. Duk wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata ya san haka. Gidajen sarauta sun shuɗe, Turawa sun zo sun tafi, ana nan ana rini da baba.

Dokar ƙasa da ƙasa ba ta damu da wannan dogon zance ba, nata ma'aunin gajere ne. Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta ambaci sharuɗɗa huɗu: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Sai dai a aikace ba a bin su kamar karatun allo. Somaliya ta shafe shekaru bayan 1991 ba ta da gwamnatin tsakiya mai iko, amma ba wanda ya ce ta daina zama ƙasa, kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya tana nan. Somaliland kuwa, da ta ɓalle a wannan shekara, tana da gwamnati da kuɗinta da zaɓenta, amma fiye da shekara talatin ba ta sami kujera ba. Biyafara ta yi yaƙi daga 1967 zuwa 1970, ƙasashe biyar suka amince da ita, Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya da Haiti, amma hakan bai raya ta ba. Dokar tana da wuyar yarda cewa sabuwar ƙasa ta haihu, tana kuma da wuyar yarda cewa tsohuwa ta mutu. Juyin mulki ba ya kashe ƙasa. Sauya suna ba ya kashe ta: Dahomey ta koma Benin a 1975, Upper Volta ta koma Burkina Faso a 1984, ba wadda aka ce ta sake neman shiga Majalisar. Raguwar yanki ma ba ta kashe ta: da Sudan ta Kudu ta fita a Yulin 2011, ita ce ta shiga a matsayin ƙasa ta 193, Sudan ta ci gaba da zama Sudan. Haka aka yi a 1947, Indiya ta riƙe kujerar da take da ita tun 1945, Pakistan ta shigo a sabuwa.

Inda abin ya fi sarƙaƙiya shi ne in babbar ƙasa ta tarwatse. A Disambar 1991 Tarayyar Sobiyat ta watse gida goma sha biyar. Rasha ta ce ita ce ci gaban tsohuwar, galibin sauran suka amince, duniya ta yarda, ta zauna a kujerar dindindin ta Kwamitin Sulhu ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Watanni kaɗan bayan haka Yugoslabiya ta wargaje, Sabiya da Montenegro suka yi irin wannan iƙirari, amma sauran 'yan uwan suka ƙi, Majalisar ma ta ƙi, sai da suka sake cike takardar neman shiga aka karɓe su a shekarar 2000. Ƙarfi ya yi aiki a nan, ba musu, don Rasha ce ke riƙe da makaman nukiliya. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambata ba: Rasha ta ɗauki dukkan bashin waje na Tarayyar Sobiyat a wuyanta, tana biya har zuwa 2017. Ƙasashen Estoniya da Latbiya da Lituweniya kuwa hanya ta uku suka bi. Suka ce su ba magadan Sobiyat ba ne ko kaɗan, ƙasashe ne da suka sami 'yanci a 1918, aka mamaye su a 1940, mamayar ta ƙare a 1991. Shi ya sa a 2018 suka yi bikin shekara ɗari, duk da rabin wannan lokaci ba su da tuta a sama. Matsayin yana da sakamako a rayuwar mutane: a Estoniya da Latbiya, zuriyar waɗanda suke 'yan ƙasa kafin 1940 ne suka koma 'yan ƙasa kai tsaye, dubban da suka shigo zamanin Sobiyat sai da suka nema.

Ranar da ake sa wa a kalanda a yi hutu wani al'amari ne daban. Zaɓa ake yi, kuma zaɓin yana faɗin abin da masu mulki suke so a tuna. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa. Kalandar Musulunci ma haka ta samu. A zamanin Sayyidina Umar, shekaru bayan wafatin Annabi (SAW), sahabbai suka yi shawara kan inda za a fara ƙirga, aka kawo haihuwa, aka kawo aiko, aka tsaya a kan Hijira, domin a nan ne al'umma ta sami mazauni da tsari. Zaɓi ne mai dalili, kuma an faɗi dalilin. Saudiyya, wadda alhazanmu suka sani, ta daɗe tana bikin ranar 23 ga Satumba, tunawa da 1932 da Sarki Abdul'aziz ya haɗe ƙasar da wannan suna. A 2022 aka ƙara wata rana, 22 ga Fabrairu, aka mayar da asalin kafuwar zuwa 1727, lokacin da Imam Muhammad bin Sa'ud ya hau mulkin Dir'iyya. Da wannan doka ɗaya ƙasar ta ƙara shekara fiye da ɗari biyu, aka kuma matsar da tushen daga ƙawancen 1744 da Shaihu Muhammad bin Abdulwahhab zuwa gidan sarautar shi kaɗai. A tsakani kuwa daular ta faɗi sau biyu: sojojin Masar sun rushe Dir'iyya a 1818, ta biyu ta ƙare a 1891, sai a 1902 aka sake karɓar Riyad. Gida ɗaya ne, amma daula uku.

Akwai inda zaɓin yake zama kwalliyar rufe rauni. A 1971 Sarkin Iran ya kashe dukiya mai yawa a bikin cika shekara 2,500 na sarautar Farisa, ya jingina kansa ga Sairus, sarkin da ya kafa tsohuwar daular Farisa, alhali gidansa a 1925 ya fara mulki. A 1979 sarautar ta tafi gaba ɗaya. Akwai kuma inda yake zama neman mutunci bayan wulaƙanci, kuma wannan ina ganin girmansa. Nkrumah ya raɗa wa Gold Coast suna Ghana a 1957 duk da cewa tsohuwar daular Ghana can take a yankin Mali da Muritaniya na yau, ko iyaka ba su haɗa ba. Yana so ya ce wa duniya baƙar fata ta yi daula kafin Bature ya zo. Saƙon gaskiya ne, amma ba zai sa a ce Ghana ta yau ta shekara dubu ba. Haka Masar: an haɗa ƙasar Nilu a ƙarƙashin sarki ɗaya kusan shekara 3,100 kafin Miladiyya, kogin da manomansa ba su gusa ba, amma harshe ya sauya, addini ya sauya sau biyu, Farisawa da Girkawa da Rumawa da Larabawa da Turkawa da Ingilishi duk sun mulke ta, kuma 'yancin ƙasar ta yanzu na 1922 ne.

In an tambaye ni wane ma'auni ya fi gaskiya wajen gane ko ƙasa ta ɗore, ba zan dubi tuta ko take ko tsufan gini ba. Zan dubi wanda ya ɗauki nauyin na baya. A shari'armu ba a raba gado sai an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa, kuma mai rai ba ya kuɓuta daga bashi don ya sauya riga ko ya sauya suna. Ƙasar da ta ce ita ce ta jiya, to alkawarin jiya nata ne, da bashin jiya, da hukuncin da alƙalan jiya suka yanke, da takardar filin da hukumar jiya ta ba talaka, da haƙƙin waɗanda aka zalunta da sunanta. Turkiyya ta soke sarautar Sultan, ta soke halifanci a 1924, ta sauya haruffan rubutu, ta yi duk abin da za ta nuna ita sabuwa ce, amma a yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ta karɓi kasonta na bashin tsohuwar daular, ba ta gama biya ba sai 1954. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki shekarun a bar nauyin, a yi taƙama da kakanni a wurin biki, in an zo kan abin da suka bari a hannunmu a ce wannan na da ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Muna faɗin shekara dubu da alfahari, kuma ya cancanta. Amma duk mai bin titin da ya kewaye badala yana ganin yadda ganuwar da Gijimasu ya fara take narkewa, nan an ɗebi ƙasa an yi bulo, can an yanka fili an kafa shago, kududdufan da suke shanye ruwan birni an cike su an yi gini, damina ta zo ruwa ya rasa hanya. Littattafan hannu na malaman Madabo da sauran tsofaffin unguwanni suna cikin buhuna gara na ci. Waɗannan su ne shaidun da za mu nuna in an ce mu kawo hujjar shekarunmu. Abin yana ci mini rai, don ganuwar da ta ga yaƙe-yaƙen Kwararrafa a ƙarni na 17 ba ta gushe ba, a hannunmu take ƙarewa, ba yaƙi ba komai.

Najeriya fa? Sunan ma baƙo ne: 'yar jarida Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ita ta ba da shawararsa a wata jaridar Landan a 1897. Haɗewar 1914 kuwa shawara ce ta masu mulkin mallaka, wadda babban dalilinta kuɗi ne, a riƙa cike giɓin baitulmalin Arewa da kuɗin kwastan na Kudu. Ba a tambayi Sarkin Kano ba, ba a tambayi Alafin na Oyo ba. Daga nan ne jita-jitar nan ta samo kasuwa wajen 2013, wai takardar haɗewar ta shekara ɗari ce, in ta cika kowa ya kama gabansa. Babu wannan sharaɗi. Ba yarjejeniya ba ce tsakanin Arewa da Kudu balle ta sami wa'adi, umarni ne daga fadar Ingila. Kuma ko da akwai, Najeriyar da ke zaune yau ba a kan takardar 1914 take tsaye ba. Tana tsaye ne a kan tarukan tsarin mulki na shekarun 1950 da shugabannin yankuna uku suka halarta, da 'yancin 1960, da shigarta Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba na wannan shekara a matsayin ƙasa ta 99. Ko siffarta a taswira ba ta 1914 ba ce. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin Arewacin Kamaru, su Mubi da Gwoza da Gembu, ya shigo ya zama Lardin Sardauna, Kudancin Kamaru kuma ya tafi.

In aka auna ta da ma'aunin nauyi, Najeriya ta ɗore ba yankewa tun 1960, duk da juyin mulkin 1966 da na 1975 da 1983 da 1985 da 1993, duk da yaƙin basasa, da sauya kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da ƙaurar babban birni zuwa Abuja a 1991. Bashin da gwamnatocin baya suka ciwo, na farar hula da na soja, gwamnatin Obasanjo ce ta zauna da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a 2005, aka yafe kimanin dala biliyan 18, ta biya kimanin biliyan 12. Ba ta ce ba ita ta ci ba.

Zaren ma ya wuce 1960 ya shiga zamanin Turawa. A ranar samun 'yancin kai, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yi musayar wasiƙu da Ingila, ta amince da ɗaukar haƙƙoƙi da wajibai na yarjejeniyoyin da aka ƙulla a madadin ƙasar. Nyerere na Tanganyika ya ƙi bin wannan hanya a 1961, ya ce zai ba tsofaffin yarjejeniyoyi shekara biyu ya duba wanda zai riƙe. Amma a kan iyakoki kusan duk Afirka ta haɗu: a taron Alƙahira na 1964 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke cewa kowa ya riƙe iyakar da ya tarar ranar 'yancinsa, don gudun yaƙin da ba shi da ƙarshe.

Farashin wannan matsayi ya bayyana a shari'ar Bakassi. A gaban Kotun Duniya Najeriya ta kawo hujja irin ta dattijonmu na majalisa: cewa yankin na sarakunan tsohuwar Kalaba ne tun kafin Turawa, yarjejeniyar da suka yi da Ingila a 1884 ta kariya ce, don haka Ingila ba ta da ikon bayar da shi. Kamaru ta kawo takardar 1913 da Ingila da Jamus suka shata iyaka da ita, da sanarwar Marwa da Janar Gowon da Shugaba Ahidjo suka sa wa hannu a Yunin 1975. Najeriya ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta tabbatar da sanarwar ba, kuma an hamɓarar da Gowon bayan makonni. A hukuncinta na 10 ga Oktoba 2002 kotun ta karɓi takardar 1913, ta kuma ce sa hannun shugaban ƙasa yana ɗaure ƙasarsa. A gefen Tafkin Chadi ma haka aka yi, takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931 suka rinjayi hujjar cewa masuntan Najeriya, Hausawa da Barebari da sauransu, ne suka cika Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita. An miƙa Darak a ƙarshen 2003. Bakassi kuma, bayan yarjejeniyar Greentree ta 2006, an kammala miƙa ta ga Kamaru ranar 14 ga Agusta 2008.